Wayar Suwaiba da Shagon Garzali

Garzali mai gyaran waya mutumin Utai ne, amma shekara goma sha ɗaya ya yi a shago ɗaya a bakin titin Wudil, shagon da in ya miƙe ƙafa sai ta leƙa waje. Ba fara'a, ba ragi. Abu ɗaya aka san shi da shi: a gabanka zai kwance wayarka, ya gyara, ya kife ta a kan tebur. Ba ya duba hoton kowa. Mu 'yan zaman benci mun sha roƙonsa ya ɗan leƙa mana ta wani, ko hira ta yi armashi. Sai ya ce, "Ku kawo naku mu fara da su." Nan maganar ke mutuwa.

Shagon na Alhaji Maikano ne, mai injin casar shinkafa a hanyar Darki. Wata Talata ya zo da kansa, ya dire wata waya mai fasasshen gilashi.

"Buɗe min ita, ka goge hotunan ciki."

"Ta wace ce, Alhaji?"

"Ta gidana."

"Ranka ya daɗe, ko mai gadinka ya fi ƙarfin wannan."

Ashe ta Suwaiba ce, wata mai sheƙar shinkafa a injin Alhajin. Belin da ke juya injin ya shekara ba murfi, har ya cinye wa wani ma'aikaci, Labaran, yatsu biyu. Washegari Alhaji ya sa aka ɗora murfi, ya ce dama can akwai shi, ganganci ne na Labaran. Suwaiba kuwa ta riga ta ɗauki hoton belin tsirara. Da Alhaji ya ji labari sai ya ƙwace wayar, wai ana latse-latse a bakin aiki.

Garzali dai ya gane wayar, sai ya jefa ta a durowa, ya murɗa mukulli. "Mai ita ta zo ta karɓa."

"Kai, a shagon wa kake zaune?"

"A naka, Alhaji. Amma wayar ba taka ba ce."

Alhaji ya dube mu, mu shida a benci, kowa ya ƙura wa takalminsa ido. Ba zai yi kokawa da durowa a gaban jama'a ba. Ya gyara hula ya tafi.

Da la'asar Suwaiba ta zo ta karɓi abarta. Garzali ya sauya mata gilashi, kuma sai da ta biya, don shi ba waliyyi ba ne. Hotunan suka isa gaban mai unguwa, Labaran ya samu abin nunawa. Har yanzu ana zama a kan maganar.

Garzali kuwa, wata bai ƙare ba aka sa wa shagon sabon kwaɗo. Yanzu yana tasha, shi da tebur da lema, ƙafa na miƙewa son ranta. Mu ma mun ɗauko bencinmu mun biyo shi.

Jiya na tambaye shi ko ya yi nadama.

Ya ce, "Malam, matsa. Kana tare min haske."