Ni da Tsohon Injin Katako a Bakin Kogin Gashuwa

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga ka, har sunayen jikokina sai na yi lalube kafin in kama, amma akwai wata damina da na yi a Gashuwa wadda ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ita kam sai dai a rufe mu tare.

Abin ya faru 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa. A Nguru aka haife ni, iyayena 'yan kasuwa ne daga Haɗeja, amma ni ban gaji awo da ciniki ba. Na ɗan yi leburanci a wurin gyaran jirgin ƙasa, inda na ga yadda ake walda har hannuna ya ɗan faɗa, daga nan na koma wurin wani dattijon kafinta na zauna. Maigidan nan nawa yana da wani inji da ya saya a gwanjon wani kamfanin gyaɗa. Teburin ƙarfe ne guda, mai nauyin tsiya, da sandar ƙarfe ɗaya a cikinsa tana juya abu uku: faifan zarto, da wuƙaƙen da ke goge katako ya yi sumul, da wani tsinke a gefe mai huda rami. Injin baƙin mai ne ke jan sa da bel. In aka tayar da shi, har bakin tasha ana jin kukansa.

A bazarar shekarar nan sanƙarau ya shigo gari. Ya ɗauki maigidana, bai daɗe ba ya shigo gidana ya ɗauki matata da 'yar da take goyo. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau ban iya faɗinsa da kyau ba. Abin da na sani shi ne gaisuwar mutane ta zame mini kamar ana taɓa gyambo. Duk wanda ya ce mini in yi haƙuri, sai in ji kamar in toshe kunne. Na daina zama a majalisa, na daina bin layin da matata take saye da sayarwa, daga baya ma garin gaba ɗaya ya fita daga raina.

'Ya'yan maigidana fatake ne, ba ruwansu da katako. Suka sayar wa wani mai niƙa injin baƙin man, shi kuwa teburin suka ce maƙera za su ba su farfasa. Na roƙe su, suka bar mini shi, babbansu yana mamakin me zan yi da gangar jiki ba rai. Na samu wata motar ɗaukar kaya mai zuwa Gashuwa gab da faɗuwar ruwa, muka ɗora shi. Na zaɓi Gashuwa ne kawai don ban san kowa a can ba.

Hanyar a lokacin rairayi ce zalla. A wani gangare motar ta karkata, igiya ta tsinke, injin ya sulmiyo ƙasa. Da muka ɗaga shi na ga gidan da sandar ke juyawa a ciki ya tsage gida biyu. Direban ya ce in bar shi nan in huta. Na ce a mayar da shi mota.

Na kama wani kango a ƙarshen gari, kusa da inda masunta ke ɗaure kwalekwale. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, sai katangar da ta zube ta gefe guda. Ruwa ya sauka, hanyar Nguru ta rufe, aka bar ni da injin. Maƙwabtana Badawa ne, suna yarensu ba na ji, ni kuma hakan ya yi mini daidai. Nakan sayi gero da ɗan busasshen kifi ranar kasuwa, in dafa da kaina. Ranar Juma'a in tsaya a sahun baya, ana sallamewa in ɗauki takalmina. Akan yi kwanaki ban buɗe baki na yi wa ɗan'adam magana ba, har wata rana na ji muryata ina yi wa injin faɗa, na tsorata da ita.

Aiki biyu ne a gabana. Na farko in liƙe tsagar, na biyu in samo abin da zai juya injin tunda babu na baƙin mai. A Nguru da iskar gas ake walda, a nan kuwa babu ko alamarta, sai na koma dabarar maƙera. Na gina ɗan murhu da laka, na sayi zugazugi da gawayin ƙirya, na tara tsofaffin kawunan famfo na tagulla da na zo da su, na samo sinadarin liƙi wurin wani maƙerin farfaru a kasuwa. Ƙarfen zubi yana da wuyar sha'ani. In ka yi masa zafi a wuri ɗaya sai ya tsage a wani wuri, in ya huce da sauri ma haka. Dole ka gasa shi gaba ɗaya har ya yi ja, ka zuba narkakkiyar tagulla a tsagar, sannan ka binne shi cikin toka mai zafi ka ƙyale shi ya huce a kan ganin damarsa. Na yi na farko ya ƙi, na kankare na sake. Da na tono shi a karo na gaba na buga masa guduma na ji ya yi ƙara ɗaya tas, sai na waiga don in nuna wa wani. Babu kowa sai akuyar maƙwabta a kan katanga.

Wajen abin juyawa kuwa, na ƙudura cewa sai na yi shi yadda mutum ɗaya zai iya aiki da shi. Na cire tsinken huda rami don a rage nauyi. Na samo wilin wata matacciyar mota a bayan kasuwa, na gangaro da shi har gida, na ɗinka bel da fatar sa, na ƙera mataki irin na keken ɗinki, in taka da ƙafa hannuwana suna kan katako. Daga safe zuwa la'asar ina bugun ƙarfe. Da na gwada, faifan ya juya gwanin sha'awa, amma yana taɓa katako sai ya cije ya tsaya. Na ce nauyi ne bai isa ba, bari in liƙa wa wilin ƙarin ƙarfe.

A wannan aikin ne abin ya same ni. Zuga da riƙon awartaki aikin mutum biyu ne, ni kuwa ina yin su ni kaɗai, ƙafa ɗaya a kan zugazugi, hannu a kan kaskon tagulla. An yi ruwa da safe, ƙasa da santsi. Ƙafata ta zame, kaskon ya juye, tagullar ta zubo mini a bayan ƙafar dama. Ban san na yi ihu ko ban yi ba. Na dai tuna na ja jiki na tsoma ƙafar a kwatarniya, na ga fata tana tashi.

Na rarrafa ɗaki na kwanta, ina cewa gobe zan tashi. Gobe ta yi ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe ni. Ruwan randa ya yi ta raguwa har na koma karkata ta. Daga inda nake kwance ina jin komai na garin: dakan mata, kiran salla daga nesa, masunta suna kiran juna a kan ruwa, kwaɗi bayan an ɗauke ruwan sama. Duk rayuwa tana tafiya taku kaɗan daga ƙofata, babu wanda ya san ina ciki. Na yi tunanin in yi kira, sai na tuna ban san sunan kowa ba, kuma babu wanda ya san nawa. A nan na gane cewa in na mutu, wari ne zai sanar da mutane. Na yi kuka a ranar, irin wanda ban yi ba ko a ranar da aka binne iyalina.

Wata rana da hantsi na ji ana sallama a bakin rumfa. Na amsa da abin da ya rage mini na murya. Wani dattijo ya leƙo, baƙi, siriri, wandonsa a naɗe har gwiwa, yana ƙarnin kifi. Na sha ganin sa yana gyaran koma a bakin ruwa, ban taɓa ce masa sannu ba. Ya dubi ƙafar, ya dubi randar, ya fita. Na ɗauka ya tafi ke nan. Sai ga shi da tulun ruwa a kafaɗa da ƙwaryar kunu.

Hausarsa gutsi-gutsi ce, irin ta wanda ya koya a kasuwa. Da na ɗan farfaɗo na ce, “Baba, wa ya gaya maka ina nan?”

Ya ce, “Guduma. Kullum ina ruwa, ina ji kwam, kwam. In ta tsaya, na san la'asar ta yi. Yanzu babu. Na ce kafinta ba lafiya.”

Ashe duk watannin da na yi ina ganin na ɓuya, akwai wanda yake duba lokacin sallarsa da bugun gudumata.

Shi ya yi jinyata. Yakan zo da safe ya wanke ciwon da ruwan ɗumi, ya shafa zuma da wani ganye da ya daka, ya bar mini romon kifi da matarsa ta dafa. Bai taɓa tambayata abin da ya raba ni da garinmu ba, ni ma ban faɗa ba. Yakan zauna a bakin ƙofa yana ɗinkin komarsa, ni ina kwance, mu yi shiru tare har rana ta take. Wannan shirun ya fi mini duk wata gaisuwa da aka taɓa yi mini.

Ƙafar ta warke amma ta ƙage, ba ta iya taka mataki. Ranar da na fara fitowa rumfa da sanda, na zauna ina kallon injin, na ce a raina aikin banza na yi. Dattijon ya zagaya shi, ya taka matakin, ya girgiza kai. Sai ya kama wilin da hannu ya juya, ya nuna mini gefensa, ya ce, “Sa hannu a nan. Ni in juya, kai ka yanka.” Daga baya na gane kwalekwalensa ne ya fashe a ciki, ya daɗe yana ajiye da wani guntun maɗaci, ba shi da yadda zai tsaga shi.

Na cire matakin da na ɓata rabin damina a kansa. Na lanƙwasa wani ƙarfen tayar da mota na liƙa a jikin wilin ya zama hannun juyawa, wannan karon shi yana zuga ni ina riƙe da kasko. Da ya huce muka ɗaura bel. Ya kama hannun da hannu biyu ya fara juyawa, a hankali, a hankali, har wilin ya ɗauki gudu, faifan ya fara wani siririn kuka. Na tura maɗacin. Zarton ya shiga cikinsa bai cije ba, jar dusa tana tashi tana zubo mini a hannu, ƙamshin shagon maigidana ya cika rumfar. Da katakon ya rabu biyu dattijon ya saki hannun yana haki yana dariya, na ga ashe haƙoransa na gaba babu. Yara da mata suka taru a inda katanga ta zube suna kallo.

Mun liƙe kwalekwalensa, muka yi wa maƙwabta ƙofofi biyu ko uku. Da ruwa ya fara ja, masunta suka bi kifi suka yi gabas, ya zo ya ce mini sai wata damina. Na raka shi bakin ruwa da sandata, na tsaya har ya sha kwana. Damina ta zo bai dawo ba. Na tambayi 'yan'uwansa, wani ya ce ya zauna can gabas wajen babban tafki, wani ya ce ya rasu a hanya. Ban sake ganin sa ba.

Na zauna a Gashuwa, na koyi gaisuwa da Badanci, na sake yin iyali, injin ya ci da mu shekaru masu yawa. Amma abin da na ɗauka daga wannan damina ba na ƙarfe ba ne. Na koyi cewa baƙin ciki yana iya sa mutum ya rufe ƙofa, kuma ba laifi ya rufe na ɗan lokaci, amma kada ya kai inda zai rasa sunan da zai kira in ya faɗi. Na kuma koyi sauraron maƙwabta. Har yanzu da nake zaune ba na iya zuwa ko'ina, in na saba jin tarin wani ko jan gugansa da safe, sai na ji shiru, ba na jira a zo a gaya mini. Sanda nake ɗauka in je in yi sallama.