Yaya Kujera da Babbar Sista

Duk gidan da aka ga Yaya Kujera ta shiga da 'yar kujerarta ta roba a ka, maƙwabta sun san saura ƙiris. 'Yar kawuna ce, aikinta kuwa zama wurin mai mutuwa. Ba ta allura, ba ta rubuta magani. In likita ya girgiza kai ya ce a mai da mutum gida, sai a kira ta. Ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe, ta juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ta kori 'yan dubiyar da suka zo kallo. Ta zauna da mai jan carbi, ta zauna da mai son waƙar coci, ta zauna da wani tsohon direba da ya hana a kashe rediyo har ransa ya fita. Ta iya cewa "ina ke ciwo" da harsuna bakwai, amsar ce dai ba ta ji, sai ta bi yatsa. Ga kunne: in ta saurari numfashi, ta fi agogon bango faɗin gaskiya.

Shekara talatin da suka wuce sharar asibiti take yi, mahaifiyarta na kwance a ɗakin mata. Da rana tsaka numfashin tsohuwa ya canja. Yaya ta yar da tsintsiya ta ruga, Babbar Sista ta cika ƙofa da ƙugunta ta ce ba lokacin dubiya ba ne, mai shara kuma wurinta baranda. Kafin ƙarfe huɗu, lokacin dubiya, tsohuwa ta cika, ba kowa kusa da ita. Tun ranar Yaya ta dasa Sistar nan a ranta, kullum tana ba ta ruwa.

To, ran nan sai ga 'yar Sista, ma'aikaciyar ofis da aka hana hutu, tana neman mai zama da uwarta. Yaya ta yi murmushi har sai da aka ga haƙorin da muka ɗauka ya faɗi tuntuni. Nan take ta tsara abinta: za ta yi jinya ba aibu, in numfashin ƙarshe ya zo ta ɗauki kujerarta ta fita, ta ja ƙofa.

Ta tarar da Sista ta koma kamar tsinke, amma bakin na nan.

"Ke wace ce?"

"Mai shara ce, ranki ya daɗe. Ɗakin mata, gado na shida, tsohuwa mai koren ɗankwali. Kin tuna?"

"Tsofaffi dubu nawa na gani? Gyara matashin nan, kin sa shi a karkace. Kin ma wanke hannu kuwa?"

Wannan ya fi komai ƙona Yaya. Shekara talatin tana ɗauke da mutum, ashe mutumin bai san da ita ba! Sai ta mai da shi karatu. Kowace safiya, tana goge mata baya, tana biya mata: koren ɗankwali, tabo a goshi, tari uku sannan shiru. Sista ta ce ta ji, a buɗe taga. Ta ce ba ta son kuka a kanta, ba ta son turare, zanin gado kuma a naɗe kusurwarsa irin na asibiti. Yaya ta naɗe, tana cizon leɓe. Kwana goma sha tara ana haka, jikin Sista ko ƙurji bai yi ba.

Ranar Talata da hantsi numfashi ya fara yankewa yana dawowa. Yaya ta kira 'yar a waya, 'yar ta ce tana hanya, ga cunkoson motoci. Shi ke nan, ta samu. Ta zura takalmi, ta yafa mayafi, ta rataya kujera a hannu, ta sunkuya daidai kunnen Sista.

"Na tafi, ranki ya daɗe. Ki ɗanɗana abin da uwata ta ɗanɗana."

Sista ta buɗe ido ɗaya, ta cafke mata wuyan hannu.

"Zauna," in ji ta.

Yaya fa mace ce da ta taɓa sauko da firiji daga bene ita kaɗai. Amma ta rantse da Allah ta yi ta fizga hannun ya ƙi. Haka ta zauna a bakin gado, takalmi a ƙafa, tana zage-zage ƙasa-ƙasa, ɗaya hannun na ɗiga ruwa a leɓen Sista. Kusan awa guda. Da 'yar ta iso, ta tarar an rufe idon uwarta, an miƙe mata ƙafafu, ta rungume Yaya tana sa mata albarka, Yaya na huci.

Har yau in an tsokane ta sai ta miƙa wuyan hannun a ga wurin, ko alama babu.

"Ku yi ta dariya, 'yan banza. Riƙe ni ta yi. Wa ya ce na yafe? Na roƙi Allah ranar hisabi a sa mu layi ɗaya, ni a bayanta."