Hanyar Gidan Maman Bitrus

Gidanmu na unguwar Old Trafford a Manchester irin tsofaffin gidajen nan ne masu jingine da juna, ga sanyi kamar cikin randa. A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rage ma'aikata a ofishin da Abba yake aikin akanta, sai ya kafa doka cewa ɗaki ɗaya za a riƙa ɗumamawa. Falo ke nan, inda akwai wani tsohon murhun gas a jikin bango. Da an idar da magariba, ni da ƙanena Sadiq sai mu rakuɓe a gabansa, Kaka mahaifiyar Abba ta miƙe ƙafafu cikin safa biyu-biyu, tana mitar ƙasar da rana take tashi aiki tun la'asar.

Kaka ba ta buɗe labarinta yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Ku sa takalmanku, yau ma Mausil za mu."

"Again?" in ji Sadiq. "Kaka, babu wani story mai kura a ciki?"

"Kai maigida, in ba za ka raka matarka unguwa ba, ka faɗa min in nemi wani mijin."

Kullum daga wuri ɗaya muke tashi, wato tudun Annabi Yunusa, a gabashin kogin Dijla. Ta ce a ƙarƙashin tudun nan tsohon birnin Ninawa yake binne, garin mutanen da suka tuba Allah ya ɗage musu azaba. Musulmi suna hawa ziyara, Kiristoci kuma suna da azumi na musamman don tunawa da tuban. Sai mu gangaro mu hau gadar ƙarfe, ruwa yana gudu a ƙasanmu. Muna sauka sai masu kifi. A nan Kaka take ɗaga hannun hagu, mu karkata mu shiga kasuwar kayan ƙamshi, Sadiq ya yi atishawar ƙarya. Can gaba ƙararrawar coci mai agogo za ta kaɗa, wadda duk garin da ita suke sanin lokaci, har ladan. Sai mu wuce Yazidawa, masu nasu addinin daban, da suka sauko daga duwatsu da ɓaure a kwando, mu ratsa unguwar Yahudawa, wadda masu ita suka daɗe da tashi amma sunan bai tashi ba.

"To ku ɗaga kai."

Mu ɗaga, muna kallon silin ɗinmu mai tabon ruwa. Wai ga hasumiyar babban masallaci nan, doguwa, ta ranƙwafa kamar tsohuwa mai ciwon baya. Musulmin garin sun ce Manzon Allah ta rusuna wa. Kiristoci sun ce Nana Maryamu take gaisarwa. Na taɓa tambayarta wanne ne gaskiya.

"Ke da iyayi! Waɗanda suka shekara ɗaruruwa a ƙarƙashinta ba su yi dambe a kai ba, ke 'yar Manchester ce za ki raba gardama?"

Daga nan lungu ya matse, mu sunkuya mu bi ta ƙarƙashin wani soro da ya haɗe gidaje biyu, har mu tsaya a wata koriyar ƙofa. Sadiq ya ƙwanƙwasa ƙafar kujera. Kaka ta ce, "Mun iso, ku cire takalma." Labarin ke nan, ba a ƙara komai ba a rage komai.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, Kaka ba ta taɓa taka ƙasar Iraƙi ba. Larabcinta a Makka ta samo shi, zamanin da suka zauna can da marigayi kakanmu. Hanyar kuwa ta wata ƙawarta ce, wata tsohuwa Kirista 'yar Mausil, da suka haɗu a zauren da hukumar gari ta ware wa tsofaffi suna shan shayi. Dukansu Turanci ya ƙi su, sai Larabci ya haɗa su. Sunan ɗanta Butrus, Kaka ta mai da ita Maman Bitrus. Wata rana likita ya gaya wa matar cewa mantuwa ta kama ta, kuma gaba za ta yi. Ta riƙe hannun Kaka ta ce, "Hajiya, kaina ya fara yoyo. Ki riƙe min hanyar gidanmu, ranar da na ɓata ki mai da ni."

Haka ta yi ta biya mata, kamar karatun allo. In Kaka ta yi dama a inda ya kamata ta yi hagu, sai ta ji ɗan mari a bayan hannu. Ita kuma Kaka, da ta ga nata shekarun sun ja, sai ta zuba amanar a kanmu. Mu muna ganin tatsuniya ce marar daɗi, ashe ajiya ake ba mu.

Ana nan sai aka rufe zauren, wai babu kuɗin riƙe shi. Tsofaffin suka watse, kowa ya koma ya zauna shi kaɗai. Bitrus ya zo ya tafi da mahaifiyarsa Birmingham inda yake aiki, da abin ya fi ƙarfinsa ya kai ta gidan kula da tsofaffi a Handsworth. Ba a jima ba labarin Mausil ya cika talabijin. 'Yan bindiga sun kama garin, sun kori Kiristoci da kayan jikinsu kawai, sun tashi kabarin Annabi Yunusa da nakiya. Muna zaune muka ga ƙurar. Da magariba Kaka ta ce mu sa takalma, ta fara daga tudun kamar kullum.

"Amma Kaka, an fasa shi," in ji Sadiq. "Mun gani a news."

"Na gani. Ni dai da shi aka ba ni, da shi zan mayar."

Ta matsa wa Abba lamba sai an kai ta wajen Maman Bitrus. Ya ce mota tana gareji, ga petrol ya yi tsada, a bari sai wata ya kama. Ta ce ita mantuwa ba ta jiran wata. A ƙarshe ya saya mana tikitin bas, aka haɗa ta da ni don in riƙa karanta mata alluna.

Mun tarar da Maman Bitrus a kujera kusa da taga, ta rame, an taje mata gashi tsaf. Ta yi mana murmushi irin wanda ake yi wa baƙo. Kaka ta jawo kujera har gwiwoyinsu suka haɗu, ta kama hannunta, ta fara da Larabci. Ba na jin yaren, amma na san hanyar daga motsin hannunta. Ga tudu, ga gangare, ga gada. Da muka iso masu kifi sai na ga Kaka ta ɗaga hannun dama. Na buɗe baki zan gyara mata, ta harare ni. Ta miƙa bayan hannunta a kan cinyar matar, tana jiran mari. Marin bai zo ba. Ta sake kwasar ta ta kai ta wani lungun da babu shi, ta sake miƙa hannun. Maman Bitrus tana ta gyaɗa kai tana murmushi.

Kaka ta goge ido da bakin mayafi. Sai ta koma tudun ta faro daga farko, a hankali, ba ta tsallake ko kwandon ɓaure ba, har ta ƙwanƙwasa hannun kujera. Matar ta yi wata magana, idonta yana ƙyalli. Sai a bas Kaka ta fassara min. Cewa ta yi, "Garin nan naku da kyau yake, baiwar Allah. A ina yake?"

Mun yi nisa a hanyar komawa gida. Can Kaka ta ce, tana kallon taga, su ma a Kaduna kogi ne ya raba gari. Gidan aurenta na farko a tsallaken kudu yake, cikin Kiristoci, tare suke cin tuwon salla da shinkafar Kirsimeti, har rikici ya zo kowa ya tsallaka wajen nasa. Ban taɓa jin wannan ba. Na ce ta koya min hanyar. Ta gyara zama, ta ce in ka sauka daga gada za ka ga wani mai faci, daga nan sai... Ta ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama. Ta daɗe haka kafin ta sauke shi.

"Ni ban ba kowa ajiya ba," ta ce. "Na ɗauka za mu koma."

Maman Bitrus ta rasu kafin yaƙin da ya rushe tsohon garin, har da hasumiyar. Kaka ta bi ta bayan 'yan shekaru, a Manchester muka binne ta. Na daɗe ina ganin wahalar banza muka yi, tun da ba mu mai da matar gida ba. Yanzu da na girma na daina ganin haka. Kaka ta san zafin rasa hanya, shi ya sa ta riƙe ta wata da hannu biyu, ba ta tambayi addinin mai ƙofar ba. Abin da har yau yake ci min rai shi ne, duk yammacin da muka yi a gaban murhun nan, babu wanda ya taɓa ce mata, ke fa Kaka, ina naki gidan? Ko yanzu aka tashe ni daga barci zan kai mutum ƙofar Maman Bitrus ba tare da na yi kuskure ba. Ta kakata kuwa, iyakata wajen mai faci.