Motar Baba Tsoho da Maraƙinta

Jiya da yamma ina tsaye a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa mai lamba huɗu a nan Bronx, ina jiran danja ta ba mu hannu, sai wata janwe ta wuce sarƙarta na jan ƙasa. Ƙarar ba ta daɗe ba, amma har na isa gida tana kunnena. Wani in ya ji ta zai ce mota ce ta lalace. Ni kuwa hutun makaranta take tuna mini, da kakana durƙushe a bayan mota, hularsa ta karkace, yana ɗaura sarƙa.

Baba Tsoho muke ce masa, shi ya haifi mahaifiyata. Kafin ya zo Amurka direban babbar mota ne a Ghana, yana ɗaukar goro daga Kumasi ya kai arewa, ya dawo da albasa. A nan kuwa tasi ya ja har gwiwoyinsa suka gaji. Da ya ajiye tasin kowa ya ɗauka zai koma zaman ƙofar masallaci tare da tsaransa. Sai ga shi wata rana ya shigo unguwarmu ta Highbridge da wata tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda mutanen ƙasar nan ke kira RV. Fara ce da ta koma ruwan madara saboda tsufa. A cikinta akwai gado, da murhun gas, da ɗan firiji, da banɗakin da in ka zauna gwiwarka na taɓa ƙofa.

Hajiya, wato kakata, ta sauko daga bene ta zagaya motar tana riƙe da haɓa. Ta ce jama'a na ta neman gidan da za su zauna, shi kuma ya je ya sayo gidan da ba ya zama wuri ɗaya. Ta rantse ba za ta taka ƙafarta ciki ba. Kafin sati ya zagayo ta ɗinka wa tagogin labule da ragowar atamfa, ta kuma shigar da ɗan turminta da taɓarya, don ta ce barkonon da inji ya niƙa ba barkono ba ne.

A wani fili ake ajiye motar, bayan garejin wani mutumin Nijar, can gangare wajen kogi. Da ita muke gane lokutan shekara. In ganye ya gama zuba, Baba Tsoho zai zubar da ruwan tankinta kada sanyi ya fasa bututu, ya cire batir ya kai shi ɗakinsa, ya lulluɓe ta da tamfol. Duk lokacin hunturu tana nan kwance a ƙarƙashin ƙanƙara, shi kuma yakan sauka ya duba ta kamar mai zuwa gaida mara lafiya. In rana ta fara ɗumi sai a yaye tamfol ɗin, a buɗe ƙofa, warin rufi da na tsohuwar kujera ya buge ka. Hajiya ta kunna turaren wuta, ni da ƙanena mu yi ta ɗibar ruwa a bokiti. Daga ranar ba ma iya karatu sosai, hankalinmu ya riga ya hau hanya.

Ba ita kaɗai take tafiya ba. Mama tana da wata 'yar ƙaramar mota ja da take zuwa aiki da ita, aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kuma ita ake ɗaurawa a baya. Dalilin Baba Tsoho shi ne, in an sauka a wuri an shimfiɗa tabarma an ɗora tukunya, ba za a tashi gida guda don sayen burodi ba. Hajiya ce ta fara ce mata maraƙi, wai ga saniya ga ɗanta na bin ta, sunan kuwa ya bi motar har ta mutu.

Ɗaura maraƙi aiki ne mai ƙa'ida, kuma ba ya bari a yi masa surutu a lokacin. Akwai wani ƙarfe mai ƙafa biyu da ke haɗa motocin, kowace ƙafa da ƙusarta mai kauri. Sai sarƙoƙi biyu a gicciye ƙarƙashinsa, sai wayar fitila don in ya taka birki a gaba a gani a baya. Daga nan Mama ta shiga ƙaramar ta sa giya a furi, ta murɗa makulli don sitiyari ya sake, ta sauke birkin hannu. Shi kuma ya zagaya yana taɓa komai da hannu, ba ya yarda da ido kawai. Ya aike ni baya in tsaya in faɗa masa ko sigina na kamawa, yana kirana kwandasta. Sai a yi addu'ar tafiya.

Abu biyu ya fi tsoro a hanya: gada mai ƙasa-ƙasa da za ta aske wa motar kai, da lungun da ba ya ɓullewa, don da maraƙi a baya ba a yin ribas. Shi ya sa ko gidan mai zai shiga sai ya rage gudu tun daga nesa ya ga ta inda zai fita. Babbar gadar da ake hayewa zuwa New Jersey kuwa hawa biyu ce, kuma mai tukunyar gas a mota ta sama yake bi. Muna hawa sai mu manne a taga muna kallon ruwa, birni na ƙanƙancewa a bayanmu.

Babanmu ba ya cika bin mu, tasi ba ta san hutu ba. Mu biyar ne kullum. Wani lokaci bakin tafki za mu je mu kwana biyu, wani lokaci Ohio, wurin ƙanwar Mama. A wuraren da masu irin wannan mota ke yada zango yawanci tsofaffin Turawa ne da karnukansu. Da fari sai su yi ta satar kallonmu, musamman in Baba Tsoho ya shimfiɗa darduma a kan ciyawa muka jeru a bayansa. Amma ƙamshin shinkafa da wake na Hajiya, da shito, wato yajin Ghana, yana soyuwa, ba ya barin kowa a kujerarsa. Ba ta jin Turanci sai gaisuwa, duk da haka na sha ganinta zaune da wata tsohuwa suna hira da hannu, suna dariya. Shi kuma mazan su kewaye injin suna gardama a kan taya.

Ina kusan shekara goma sha ɗaya muka je Ohio suna. A hanyar dawowa, bayan azahar, muna cikin tsaunukan Pennsylvania, Baba Tsoho yana ba mu labarin wata damina da motarsa ta kafe a hanyar Tamale. Mun san labarin, mun san inda ake dariya. Sai muka ji maganar ta fara narkewa a bakinsa, kalmomin na hawa kan juna. Na ɗauka wasa yake. Mama da ke zaune a gefensa ta juya ta dube shi, ta kira shi, ta sake kira. Hannunsa na dama ya zame daga sitiyari ya faɗi a cinyarsa.

Har yau ban san yadda ya yi ba. Da hannun hagu kaɗai ya kunna sigina, ya sauke motar gefen titi a hankali, manyan motoci na wucewa suna girgiza mu, har ta tsaya cak ba tare da ko kofi ya faɗo ba. Gefen bakinsa ya karkace. Ya dubi Mama ya yi ta ƙoƙari, da ƙyar muka gane abin da yake cewa.

"Kwance maraƙi."

Mama ta san ciwon, ta gan shi a gidajen da take aiki, ta kuma san ba ya jira. Ta duba wayarta, babu sabis a tsakanin duwatsun nan. Ta ce Hajiya ta riƙe masa kai, ni kuma in biyo ta. A kan gangara muka tsaya, don haka ta tura ni cikin ƙaramar motar ta ce in ja birkin hannu da dukkan ƙarfina, kada motar ta gangaro ta danne ta. Ta cire wayar fitila, ta kwance sarƙoƙi. Ƙusa ɗaya ta fita. Ɗayar ta ƙi, nauyin motar ya danne ta. Ina kallonta ta gilashi tana ja, mayafinta ya faɗi a kwalta, yatsunta sun fashe suna jini, ƙusar ko motsi.

Sai ga Hajiya ta fito ba takalmi, da taɓarya a hannu. Ta ture Mama gefe, ta durƙusa ta shiga dukan ƙusar ta ƙasa kamar tana dakan citta. Ban taɓa ganin ta buga wani abu haka ba. Ƙusar ta yi tsalle ta faɗa cikin ciyawa.

Mu uku muka ciccibe shi, ƙanena na riƙe da ƙofa yana kuka. Muka cusu a ƙaramar motar, kansa a cinyar Hajiya tana tofa masa addu'a, muka bar babbar a gefen hanya da tukunyar shinkafa a ciki. Mama ta ce in zuba ido, duk inda na ga allo shuɗi mai alamar asibiti in faɗa mata. Da na hango shi na nuna mata da hannu. A wani ƙaramin gari aka karɓe shi da gudu. Daga baya likita ya gaya wa Mama cewa da mun ƙara jinkiri, da ko ya rayu ba zai sake magana ba.

Kafin magariba wani ɗan sanda ya mayar da Mama inda muka bar motar, ya ce ba za ta kwana a nan ba. Ba ta taɓa tuƙa ta ba. Baba Tsoho bai taɓa bari kowa ya zauna a kujerar nan ba, ko da inji a kashe. Ita ta kawo ta, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ɗan sandan na bin ta da fitila. Masu asibitin suka bar mu muka ajiye ta a ƙarshen filin fakin ɗinsu, a ciki muka zauna har aka sallame shi. Babanmu ya zo ya kwana biyu ya koma. Hajiya ta ci gaba da girki, tana dama kunu ta kai masa a kofi, ma'aikatan jinya na yi kamar ba su gani ba.

Da bakinsa ya ɗan sake, abin da ya fara tambaya shi ne ina motarsa. Mama ta ɗaga labule ta nuna masa ita can a ƙasa. Ya tambaya wa ya kawo ta. Ta ce ita ce. Ya daɗe yana kallon tagar.

Ranar komawa babanmu ya so ya turo wani direba, Baba Tsoho ya girgiza kai. Mama ce ta ɗaura maraƙi, shi yana zaune a kujerar roba da sanda a tsakanin ƙafafunsa yana kallo. Da ta gama ya sa na kama shi ya zagaya, ya taɓa komai da hannunsa mai lafiya, sannan ya wuce ya shiga ta ƙofar fasinja. Mutumin da ko a bas ya zauna sai ya gyara wa direba tuƙi, ranar bai ce mata uffan ba, taga kawai yake kallo duk tsawon hanyar nan. Sai da muka tunkari babbar gada ya ɗaga yatsa ya ce, "Ta sama." Ta shiga filin bayan gareji ta kashe inji. Ya juyo ya dube ta.

"Sannu da hanya, direba," in ji shi.

Mama ta kifa kanta a kan sitiyari. Ranar na fara ganin ta yi kuka a gaban mahaifinta.

Bai sake tuƙi ba, amma mun ƙara yin tafiye-tafiye da shi, Mama na ja yana gefe da taswira a cinya. Bayan rasuwarsa motar ta yi hunturu biyu ba wanda ya yaye mata tamfol, sai aka ba mai garejin ya rabu da ita. Hajiya ma ta bi mijinta lahira. Filin yanzu dogon bene ne.

'Ya'yana sun je Ohio sau da yawa, amma a jirgin sama, kowa da abin ji a kunne, kafin su gama fim an sauka. Ba su san akwai tsaunuka a tsakani ba. In na yi musu Hausa suna ji, sai dai su amsa da Turanci, kamar yadda ni ma nake yi wa Mama a gida a lokacin. A hanya ne kawai ba ni da inda zan gudu, ba talabijin, ba ƙawaye, sai tsofaffi biyu suna gardama daga safe har yamma a kan gishiri da hanya da mutanen Zangon Kumasi da suka mutu tun ba a haife ni ba. Hausar da nake ba ku wannan labari da ita, rabinta a nan na tsince ta.

Mama ta tsufa yanzu, idonta ba ya barin ta tuƙi, ni nake kai ta asibiti da kasuwa. Kwanakin baya muna tsaye a cunkoso na tambaye ta yadda ta iya ta jawo motoci biyu tun daga Pennsylvania har Bronx ba ta ko firgita ba. Ta yi dariya ta ce wa ya gaya mini. Ta ce ƙafarta rawa take a kan birki tun daga ƙofar asibiti, ta sa zani ta rufe gwiwarta don kada a gani.

"Shi ma ya gani," ta ce. "Shi ya sa ya yi ta kallon taga."