Kimba, mai raba ƙarfe da gulma

Kafin kasuwar Dakoro ta cika, Malam Kimba ya riga ya buɗe rumfarsa ta kwano da ke bayan tasha. Yakan share ɓarɓashin ƙarfen jiya, ya zuba wa tur mai, ya kunna shi babu komai a kai, ya tsaya yana saurare. Tur shi ne injin da ke juya ƙarfe, wuƙa tana fere shi har ya kai kaurin da ake so. Injinan niƙa na Korahane da Mai Yara daga rumfar nan suke samun sandunan da ke juya su, haka ma famfunan foraj, wato rijiyoyin burtsatse, na arewa. A watan nan ya ajiye aiki, don kunnensa ya yi nauyi, shi kuwa da kunne yake aikin.

Sana'ar tana da cutarta. Ana cikin fere ƙarfe sai wuƙa ta kama kyarma, inji ya ɗauki wani siririn kuka, ƙarfen ya fito da ƴan tudu da kwari kamar rairayin da iska ta bi. Kimba gulma yake ce mata. Ya ce wuƙa takan bar ɗan tabo a zagayen farko, in ƙarfe ya juyo sai ta ci karo da tabon nata, ta yi tsalle, ta bar wanda ya fi shi. Kowane zagaye da abin da yake ƙarawa. Maganinta a canja saurin juyi, yadda wuƙa za ta daina tarar da tabon inda ta saba. Mai tsoro yakan rage gudu. Wani lokaci daidai ne, wani lokaci kuwa wurin natsuwar yana can gaba, sai an ƙara.

Halidu mai sudura, wato walda, maƙwabcinsa, shi ya ba ni labarin wata bazara. Intalla, makiyayi daga wajen Tagriss, ya iso da sandar famfon foraj ɗinsu a karye, shanun zango duka suna tsaye bakin kwamin shayarwa babu ruwa. Kimba Bazabarme ne, Intalla Buzu, abokan wasa ne, don haka ko sallama bai gama ba Intalla ya ce ya zo ya ga ko bawansa ya iya wani abu ban da cin kopto, kwaɗon ganyen Zabarmawa. Kimba ya ce Buzun da ya karya ƙarfe da hannu biyu bai da bakin magana.

Ƙarfe ɗaya ne a rumfar mai isasshen tsawon da za a fere sabuwar sanda. Doguwar sanda siririya kuwa ita gulma ta fi so. Ana dab da gamawa kukan ya taso. Da aka tsayar, ido bai ga komai ba, amma Kimba ya bi da farce ya ji tudun, daidai inda rulma, zoben da sanda ke juyawa a ciki, za ta zauna. Ya ce ba za ta fita ba.

Wasa ya ƙare nan take. Motar arewa tana lodi, Intalla ya ce a ba shi haka nan. Kimba ya ce tudun nan zai cinye rulma kafin damina, famfon ya sake tsayawa, ranar kuwa babu wani ƙarfen. Intalla ya dube shi ya ce, "Kai ƙarfe kake ji yana kuka. Ni shanu na baro suna yi."

Kimba ya koma kan tur. Ya kwance wuƙa, ya wasa ta, ya rage tsawon da ta leƙo, ya kafa wa sandar madogari a tsakiya. Mota ta tashi ta bar Intalla. Kaurin da ya rage na yanka ɗaya ne tak, in gulma ta dawo sanda ta lalace. Halidu ya ce shi ya zaci zai rage gudu, sai ya ga ya tura hannun inji gaba. Tur ya ɗauki juyi har kwanon rumfa yana amsawa, Kimba ya karkata kai, ido rufe. Kukan ya leƙo, ya koma. Ɓawon ƙarfe ya riƙa fita dogo, shuɗi, ba ya tsinkewa.

Sai washegari Intalla ya samu mota. Ya tarar karsanarsa ɗaya ta mutu.

Na daɗe ina juya wannan magana. Da Kimba ya miƙa sandar da aibinta, karsanar tana raye, kuma da famfon ya tsaya daga baya ba wanda zai ce laifinsa ne. Ya zaɓi laifin da za a gani, ya ƙi wanda zai ɓuya. Ban san ko ni zan iya ba. Kai ne, Kimba, ka iya, ba ka kuma taɓa cewa karsanar ba ta dame ka ba. Matarka Azara ta ce ranar da labarin ya iso ko tuwo ba ka taɓa ba.

Intalla bai sake leƙo rumfar ba sai bayan kaka. Ya zauna a kan benci, ya sha shayi, can ya ce, "Bazabarme, karsana ɗaya ka kashe mini. Sauran kuma kai kake shayar da su har yau."

Mun gode, Malam Kimba, kunnen ƙarfe. Allah ya ba ka hutu da lafiya, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma masu sana'a, tela da magini da mai allura, in farcenku ya ji abin da idon mai kaya bai gani ba, ku faɗa, ku gyara, ko da zai fita yana fushi da ku.