Jan Tiyon Jelili

Jelili bai taɓa yarda cewa mota ƙarfe ce ba. A wurinsa dabba ce, kuma duk dabbar da ya sani da maƙogwaro take rayuwa. Ubansa mahauci ne a Abatuwa, mayankar Jos, Bayarabe daga Ogbomosho, kuma aikin farko da aka ba Jelili a duniya shi ne hura akuya: a tsaga fatar ƙafa, a kafa baki, a yi ta hurawa har ta kumbura kamar salka, sannan a feɗe. Ya daɗe yana wannan kafin ya gudu ya koyi kanikanci. Wuƙa ya bari a Abatuwa, hurawar kuwa ya taho da abarsa.

Garejinsa yana wani lungu a Titin Bauchi, rumfar kwano ce da benci da wata tsohuwar taya da ake zama a kai. Gidansa na bayan garejin, katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Sauran kanikawa suna canza fulogi, su ɗaure birki, su sallami mutum. Shi kan inji ya sa a gaba, wato murfin nan mai nauyi da suke kira tof silinda. A cikinsa akwai ramukan da iska da mai ke bi su shiga, da waɗanda hayaƙi ke bi ya fita. Jelili ya ce masu ƙera motoci a kwari suke zaune, ba su san Jos a kan dutse take ba, inda iskar ba ta da kauri, shi ya sa kowace mota in ta hawo nan sai ta kama haki. Maganinsa shi ne ya kwance kan, ya zare bawul, ya ɗauko 'yar na'urar gurza mai kai kamar ɗan yatsa, ya bi ramukan yana fafewa kamar mai fafe ƙwarya. Ya share tudu, ya sassauta kwana, ya goge da samfefa.

Ma'auninsa ɗaya ne, wani guntun jan tiyo da yake ratayawa a wuya. Zai cusa bakinsa ɗaya a rami, ya toshe gefe da tsumma, ya hura. In ya ji nauyi a ƙirjinsa, ramin yana da saura. In iskar ta wuce ƙirjin bai sani ba, aiki ya ƙare. Ba wanda ya isa ya taɓa tiyon nan, har masallaci da shi yake zuwa, a cikin riga.

Gaskiya dai abin ya yi aiki. Direbobin tasi sun yi ta kawo masa motoci, suna komawa suna ba da labari. Matsalarsa ita ce bai iya ganin rami ya kau da kai ba. Matarsa Idiat tana da injin markaɗe a ƙofar gida. Wata rana ta tafi biki, ya kwance injin ya fafe shi, don ya ji yana shan wahala. Washegari wata mata ta kawo tattasai da tumatir, Idiat ta ja igiya, markaɗen ya tashi sama, rabi a rufin rumfa, rabi a gyalen matar. Tun ranar Idiat take kulle injinta da kwaɗo, kuma ba ɓarawo take tsoro ba.

Bayan ya haura sittin sai ya fara ƙorafin cewa ramukan yanzu sun fi na da matsewa. Kowane kai aka kawo masa, in ya hura sai ya girgiza kai, ya ce saura kaɗan. Mu kuwa a bayan katanga muna jin tarinsa kullum da asuba, amma in an yi magana sai ya ce sanyin Jos ne.

To a cikin kan inji, kusa da ramukan iska, akwai hanyar ruwan da ke sanyaya shi, kuma bangon da ya raba su ba shi da kauri. Jelili ya fafe kan wata tasi har ya ɓula bangon. Ruwa ya shiga inda bai kamata ba, baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa, aka jawo motar da igiya daga Farin Gada. Ba a yi wata biyu ba ya sake yi wa wata bas. Ya ce ƙarfen zamani ne, duk da bas ɗin ta girmi 'yarsa Rodiat, wadda a lokacin tana da 'ya'ya uku.

Idiat ta daɗe tana so su koma Ogbomosho. Da guminta na markaɗe ta gina ɗakuna a can, ƙadangaru ne kawai ke kwana ciki. Jelili kuwa ba abin da yake tsoro kamar wannan. A Jos aka haife shi, da Hausa yake mafarki. Duk zuwan da ya yi garin ubansa ƙurajen zafi ya kwaso, 'yan uwa kuma suna sa shi ya maimaita magana don su yi dariyar Yarbancinsa. Ranar da aka jawo bas ɗin, Idiat ta tsaya a tsakar gida ta yi magana, kuma muryarta ba ta buƙatar a kira shaidu.

"Baba Rodiat, mota ɗaya ta sake dawowa garejin nan a ɗaure da igiya, ka nemo kwalaye. Ogbomosho za mu."

Ya ce ya yarda, domin yana da tabbacin laifin ƙarfe ne.

Direbobi suka janye. Wanda bai janye ba shi ne Dantong, wani tsoho daga Kabong mai tsohuwar fijo akori-kura. Doya yake ɗaukowa daga Lafiya, ya hawo da ita ta Hawan Kibo. Ko lokacin da rikici ya sa mutane suka daina tsallaka unguwannin juna, Dantong bai daina zuwa ba. Ba ya cewa don zumunci ne, cewa yake ba wani kaniken da zai yarda ya taɓa motar. Yanzu ta kai a giya ɗaya take hawan, har wata mata mai ɗauke da itace ta wuce shi a ƙafa ta yi masa sannu, da ta sauke ta huta ta sake wuce shi ta ƙara masa wata.

Dantong ya san sharaɗin Idiat, ya kuma san irin kan injinsa ya ƙare a kasuwa. In ya ɓule, motar ta zama akurkin kaji. Duk da haka ya kawo ta, ya roƙi Jelili ya ɗan taɓa kaɗan kawai.

Da safen da aka fara aikin, direbobin da suka gudu duk suka dawo kallo. Wani ma ya zo da kwalin taliya babu komai ciki ya ajiye a kan benci, ya ce gudummawarsa ce. Jelili bai kula shi ba. Ya ɗaure kan injin a teburi, ya kama ramin farko. Ya gurza, ya hura, ya girgiza kai. Ya sake gurzawa, ya hura har idanunsa suka yi ja, ya ce saura kaɗan. Hantsi ya yi yana kan ramin nan ɗaya. Dantong yana sanye da rigar sanyi biyu, amma gumi yake yi.

"Oga Jelili, ni fa na ga kamar hannuna zai shiga ramin nan."

"Idonka ne ya gani, mutumina. Ƙirjina bai gani ba."

Ana cikin haka Idiat ta iso da kwanon amala. Ta dubi ramin, ta dubi garin ƙarfen da ya taru a ƙasa, ta dubi Dantong da ke motsa baki yana addu'a. Ta tambayi mijinta me kuma yake nema a ciki. Ya ce mata wannan ba markaɗe ba ne, ramin a toshe yake, kuma ya sunkuya ya kai ido daidai kafar bawul don ya nuna mata inda tudun yake. Tiyon yana cushe a ɗaya ɓangaren. Idiat ta ajiye kwano, ta kama tiyon da ba wanda ya taɓa taɓawa, ta goge bakinsa da gefen zaninta, ta ja numfashi.

A tuna cewa matar nan ta shekara talatin tana ciniki da faɗa a kan ƙarar injin markaɗe, ba ta taɓa kashe shi don a ji ta ba.

Da ta hura, duk garin ƙarfen da ke cikin ramin, da tsohon baƙin hayaƙi, suka fito a fuskar Jelili. Hularsa ta faɗa cikin bokitin wanke kaya. Ya miƙe baƙi ƙirin, idanu kawai ake gani. Direbobi suka danne dariya, sai mai kwalin taliya ya kasa, ya fita waje.

"Wannan ramin ko akuya za ta wuce," in ji Idiat. "Kai ne ka toshe, Baba Rodiat."

Ya fizge tiyon don ya nuna mata ƙarya take. Ya cire shi daga ramin gaba ɗaya, ya hura a iska, ba komai a gabansa. Nauyin nan dai yana nan a ƙirjinsa. Tari ya kama shi har ya dafa teburi. Da ya lafa sai ya zauna a kan taya, ya wanke hannu ɗaya, ya cinye amalarsa. Bayan nan ya tashi ya sa yatsa a ramin, ya ƙwanƙwasa bangon da ƙusa, ya ce ya yi sirara kamar ɓawon ƙwai. Dantong ya nemi wurin zama.

Ba yadda za a bar rami ɗaya ƙato sauran ƙanana, dole a daidaita su. Jelili ya gurza, Idiat ta hura, kuma duk inda ta ce ya isa ya ajiye na'ura. Ya yi gunaguni, amma ya ajiye.

Aka haɗa mota, Dantong ya tafi Lafiya. Idiat ba mai dogara da sa'a ba ce, ta karɓi kwalin taliyar nan ta ƙara da wasu, ta jera a bayan ƙofa. Jelili ya wuni a bakin titi yana leƙen kowace mota, ya ga ko tana jan wata.

Washegari da la'asar muka ji ƙara tun daga nesa, kamar jirgi zai sauka a unguwar. Dantong ne, da doya har sama, ba igiya. Ya ce a Hawan Kibo ta wuce tirela har direban ya leƙo yana kallo. Sai dai a cikin gari ta lalace da taurin kai: ba ta tashi daga tsaye sai an taka mata mai har mutane sun toshe kunne, a cunkoson kasuwar Taminus kuma ta mutu ya fi a ƙirga, mai ma yanzu kamar ruwa take shan sa. Idiat ta tambaye shi ko wannan gyara ne ko ɓarna. Ya ce shi dai bai ga ta lalace ba, hali ta canza, kuma ya zauna da masu hali irin wannan a gida.

Jelili ya tuna wa matarsa cewa igiya aka ce. Ta ce haka ne, ita ba ta canza magana. Sannan ta zare jan tiyon daga wuyansa ta jefa a jakar cefanenta, ta ce gobe asibiti.

Likita ya ce hanyoyin numfashinsa sun ƙuntace saboda ƙurar ƙarfe ta shekaru, ya rubuta masa abin shaƙa, ya ce ya riƙa rufe hanci in zai yi aiki. Jelili ya saurara da kyau, ya nemi a sake nuna masa hoton ƙirjin, sannan ya tambayi likitan ko ba su da wata 'yar na'ura da za a ɗan fafe wurin. Idiat ta ja shi waje.

Har yanzu yana Titin Bauchi. Direbobi sun dawo, amma kafin mutum ya karɓi motarsa sai ya tambaya ko Iya, wato Idiat, ta hura. Da azahar take zuwa da amala da tiyo a jaka, ta hura sau ɗaya, ta ce ya isa. Kullum sai Jelili ya ce saura kaɗan, kullum sai ta mayar da tiyon jaka ta tafi. Kwalayen kuma ba ta zubar ba, suna nan a bayan ƙofa inda zai gan su duk lokacin da zai fita aiki.