Ba su buɗe zomon ba, Likita

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsugune ina wanke kofin maganin Auta, matarsa ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Sai da na matsa mata sannan ta ce kin yanke jiki kin faɗi a wurin aiki da hantsi, kafin a kai ki asibiti rai ya yi halinsa. Allah ne Ya ba mu ke, Shi Ya karɓe ki, mu ma can muka nufa. Na faɗi haka da bakina, amma hannuna bai daina wanke kofin nan ba.

Masu karatu da yawa ba su san ki ba. Maƙwabciyata ce, gida biyu tsakaninmu. Likitar dabbobi ce a wata cibiyar bincike, yaran layinmu kuma Uwar Zomaye suke ce mata, tana amsawa. Ni kuwa uwar Auta ce, shi mai gyaran wutar lantarki ne. Tun da ya fara hawa tsani da waya a kafaɗa hantata ba ta daina kaɗawa ba. Kullum addu'ata kada wuta ta ja shi. Wuta ba ta taɓa jan sa ba. Ƙari ne ya fito masa a hanta, dab da babbar jijiyar jini, inda likitoci suka ce wuƙa ba za ta shiga ba.

Ranar da muka dawo da takardar asibiti, wurinki na nufa. Ni da sai da na yi furfura na san baƙi, ina bin haruffan da yatsa ina tuntuɓe, kalmomin ma ba na yarenmu ba. Ba ki fizge takardar ba. Kin jira na kai ƙarshen layi, sannan kika fassara mini, ba ki rage komai ba. Na so ki rage, Likita. Na fito gidanki ina jin haushinki, washegari kuma na sake komawa, don ke kaɗai ce ba ki ce mini “ba komai, Mama” ba.

A ɗakin Auta na fara jin abin da kike yi da zomayen. Kina zuwa duba shi ran Asabar da yamma, ki zauna a kujerar roba kusa da katifarsa, ku yi ta hira. Kika ce zomayenki ma ƙarin hanta gare su. Ana sa musu barci, a soka siraran allurai a gefen ƙarin, a saki wuta ƙyaf-ƙyaf, kowane bugu bai kai ƙiftawar ido ba. Ba ƙonawa take yi ba, huda ƙwayoyin ƙarin take yi su mutu, jijiyar da ke kusa kuma ta tsira. Auta ya tashi zaune, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Ya tambaye ki ƙarfin wutar, ya tambayi kaurin wayar, ya ce ashe ku abokan sana'a ne, sai dai ke kin yi sa'a, kwastomominki ba sa ƙorafi. Kika ce ƙarya ne, akwai wanda ya cije ki a babban yatsa.

Ni abu ɗaya kawai kunnena ya riƙe: jijiyar da ke kusa ta tsira.

Na bi ki har falonki na durƙusa, ga 'ya'yanki suna kallo, na ce ki ɗauki Auta a matsayin zomo. Ni da na yi shekaru ina roƙon kada wuta ta taɓa shi, ga ni ina roƙo a sa masa ita. Kika ɗago ni kika ce, “Mama, in na yi kuskure a kan zomo, in nemi gafarar Allah in ɗauko wani. Ina zan ɗauko miki wani Auta?” Kika ce irin hanyar da kike gwadawa ba ta wuce zomo ba tukuna, kuma ko ta yi kyau, tsakaninta da ɗan Adam akwai tafiya mai nisa. Ba ki yi mini alkawari ba. Amma kin yi ta kiran likitocin mutane a kansa, kin kai shi hoton ciki da motarki, kin koya wa matarsa yadda za ta juya shi ba tare da ta danne masa gefen dama ba.

Cikin zomayen akwai wani mai yagaggen kunne, shi ne mai cizon. Kin nuna wa Auta hotonsa a waya, nan take ya raɗa masa suna Abokin Jinya. Duk Asabar kafin ya amsa gaisuwarki sai ya tambayi jikin Abokin Jinya. In kin ce ya ci ganyensa tas, Auta ya karɓi kwano ya ci ko loma uku ne, wai ba zai bari zomo ya fi shi zuciya ba. Na lura, kin lura, ba wadda ta yi wa wata maganar.

Shi kika bari ya fi sauran daɗewa. Hoto ya nuna ƙarinsa ya motse, amma kika ce hoto yana iya ruɗin mutum, sai an buɗe an duba hantar da ido. Auta ya nema masa alfarma cikin wasa. Kika ce masa duk zomon da ya mutu a hannunki ba a buɗe shi an koyi wani abu ba, alhakinsa yana wuyanki. Ya ce ya yarda, amma shi za ki fara faɗa wa abin da kika gani. Ƙarshen wata kika sa. Ba ki kai ba.

A zaman makoki shugaban sashenku ya zo da mutanensa cikin manyan kaya. Ta taga na ji shi yana gaya wa mijinki cewa ba za su bar aikinki ya mutu ba. Ya faɗa har sau biyu, mutane suna amin.

Auta bai iya zuwa ba. Ya yi kukanki da fuskarsa a bango, bayan kwanaki kuma ya fara tambayata wa ke ba Abokin Jinya ganye. Na yi ta kauce masa har na rasa hanyar kaucewa, na shirya na tafi cibiyar. Mai gadi ya san ni da ke, ya bar ni na shiga. Ɗakin a buɗe yake. An wanke kejin duka an kife su a jikin bango, ƙasa tana warin maganin kashe ƙwayoyin cuta, na'urarki an lulluɓe ta da leda, farar rigarki tana rataye a ƙusa. Mai kula da dabbobin ya ce izinin aikin da sunanki aka bayar, babu wanda ya karɓa, sai aka ba da umarni a gama da su. Na tambayi mai yagaggen kunne. Ya ce duk tare aka kwashe aka ƙona.

Na yi ta shirya ƙarya a hanya. Da na shiga ɗakin Auta na ga kujerar robar nan a inda kike ajiye ta, sai ƙaryar ta ƙi fitowa. Na ce masa Abokin Jinya ya tafi. Bai firgita ba, dama ya san za a yanka shi a buɗe. Ya ce, “Me suka gani a hantar, Mama?”

Na ce, “Ba su buɗe ba.”

Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya ce wa matarsa ta ɗauke kwanon, ya ƙoshi. Bai taɓa ko loma ɗaya ba. Tun ranar, da lallashi muke samu ya sha ruwa-ruwa.

Ban ce da sun buɗe da ɗana ya warke ba, kin hana ni irin wannan tunanin. Amsa ɗaya yake jira, ko mai daɗi ko mai ɗaci, tana kuma kwance a cikin zomon nan, suka ƙona ta don ba wanda ya ga ya dace ya sa safar hannu. Alhakin nan ba ya wuyanki, Likita. Ni shaida ce. Wanda yake wuyansa ya san kansa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sassauta miki tambaya kamar yadda kika jira yatsana ya kai ƙarshen layi. Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da 'yan matanki biyu, da tsohuwarki wadda na fi kowa tausaya wa, Allah Ya ba su haƙuri da dangana. Duk wanda ya karanta ya yi miki addu'a, ina roƙonsa ya haɗa da Auta: Allah Ya buɗe masa baki ya ci abinci.